Kafin a kai ga digiri: Wa zai koya wa matasan da ke tsare baƙi da wasali?

A ranar Juma'a, 1 ga Nuwamban 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin hannu a zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a watan Agustan shekarar. Cikinsu akwai yara da dama da ba su kai shekara 18 ba, waɗanda aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa. Tun kafin zaman ya yi nisa, huɗu daga cikin waɗanda ake tuhumar suka yanke jiki suka faɗi a zauren kotu. Hotunan ramammun yaran suka karaɗe ƙasa, jama'a suka yi ca, kuma cikin 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin jihohinsu a fadar gwamnati.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a lokacin shi ne yunwa, kuma hakan daidai ne, domin ciki ba ya jiran hukuncin alƙali. Amma akwai wata tambaya da ta nutse cikin hayaniyar. Yaran nan sun shafe kusan wata uku a tsare. Nawa ne daga cikinsu za su iya karanta takardar tuhumar da aka rubuta sunayensu a kai? Nawa ne za su iya rubuta kuɗin belin da aka sanya musu, Naira miliyan 10, ba tare da sun rikice wajen jera sifili ba? Kuma wane tanadi ƙasa ta yi domin wanda ya shiga bai iya ba ya fito ya iya?

Waɗancan sun samu 'yanci saboda idon duniya ya kai kansu. Akwai wasu masu yawa da babu kyamarar da ta ɗauke su. Mu da muke gyara labaran kotu a teburin jarida, kullum jimla ɗaya ce ke rufe irin waɗannan labarai: alƙali ya ba da umarnin a ci gaba da tsare shi zuwa ranar kaza. Daga nan labarin ya ƙare a shafi. A wajen yaron kuwa daga nan kwanakin ke farawa, kuma abin da aka yi da waɗannan kwanaki shi ne zai nuna irin mutumin da zai dawo unguwa.

Doka ta riga ta yi magana

Ba rashin doka ne matsalarmu ba. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda tsohon Shugaban Ƙasa, marigayi Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu a shekarar, ita ce ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali. Ta ɗora wa hukumar alhakin samar wa mazauna gidajen ilimi da koyon sana'a, ta hana a tsare ƙananan masu laifi tare da manya, ta kuma tanadi a kafa musu gidajen horo na daban, na maza da na mata, a jihohin ƙasar nan. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 sun ce ilimin tushe kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro, ba su ware wanda ke bayan katanga ba.

A matakin duniya ma haka abin yake. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka laƙaba musu sunan Nelson Mandela, sun ce ilimantar da fursunan da bai iya karatu ba da kuma fursuna matashi wajibi ne. Ƙa'idojin 1990 na kare yaran da ke tsare, waɗanda aka fi sani da na Habana, sun ƙara da cewa takardar shaidar da yaro ya samu a tsare kada ta nuna a inda ya same ta, don kada ta zame masa tabo.

A aikace fa? Gidajen horon matasa na tarayya, waɗanda ake kira Bostal, da aka kafa bisa dokar 1962 domin 'yan shekara 16 zuwa 21, waɗanda aka daɗe da sani guda uku ne: na Kaduna, na Ilorin da na Abeokuta. Yaron da aka kama a Sakkwato ko Maiduguri, na Kaduna ne mafi kusa da shi. Ban da su sai gidajen ajiye yara na jihohi, irin na Goron Dutse a Kano, waɗanda galibi ke ƙarƙashin ma'aikatun mata da walwalar jama'a. Ƙarancin irin waɗannan wurare na daga cikin dalilan da suka sa wasu iyaye ke kai kangararrun 'ya'yansu gidajen mari, kuma kowa ya tuna abin da aka bankaɗo a Rigasa da wasu garuruwa a 2019.

Ado a saman gini

Idan ana maganar ilimi a gidajen gyaran hali, abin da hukumomi suka fi nunawa shi ne masu digiri. Abin alfahari ne kuwa. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, tana da cibiyoyi a gidaje irin na Kirikiri da Kuje da Inugu, ta kuma yafe wa fursunoni kuɗin makaranta. A 2018 hukumar gidajen yarin Najeriya ta karɓi lambar yabon yaƙi da jahilci ta UNESCO saboda wannan shiri. Akwai masu rubuta jarrabawar kammala sakandare daga cikin gida, wasunsu ma suna cin ta da kyau.

Sai dai wanda zai shiga jami'a ya riga ya haye kogin da ya tare mafi yawan takwarorinsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙwarewar karatu ta tushe, haka nan a lissafi. Wannan adadi na duk yara ne, har da masu zuwa makaranta kullum. To ina ga yaron da ya taso a tasha ko bakin kasuwa, wanda shi ne ya fi saurin faɗawa hannun 'yan sanda? Idan muka sa ido a kan mai rigar kammala digiri kaɗai, mun yi ado a saman gini alhali harsashinsa na zaizayewa.

Illar rashin karatu ga wanda ke tsare ta fi ta wanda ke waje. Shi ne zai dangwala yatsa a kan bayanin da bai san abin da ke ciki ba. Shi ne ba zai iya riƙe ranar komawarsa kotu a rubuce ba, ba zai iya aika wa mahaifiyarsa wasiƙa ba sai ya roƙi wani. Ko sana'ar da ake cewa a koya masa, tela na bukatar karanta tef ɗin awo, kafinta na bukatar lissafin inci, mai gyaran waya na bukatar karanta abin da ke kan allonta. Koyar da sana'a ba tare da karatu da lissafi ba, ɗan aike kawai take fitarwa, wanda zai daɗe bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kuɗi kaɗai ba su isa ba

Wani zai ce ai talauci ne ya jawo mana. Abin da ya faru a Ingila ya nuna akwai abin da ya wuce haka. A watan Maris na 2022, hukumar duba makarantu ta ƙasar, Ofsted, tare da hukumar duba gidajen yari, suka fitar da rahoto kan koyar da karatu a gidajen yarinsu. Ƙasa ce mai azuzuwa da malamai da ɗakunan karatu, amma alƙalumanta sun nuna fiye da rabin manyan fursunonin da aka gwada, karatunsu bai kai na ɗan shekara 11 ba. Masu binciken suka tarar cewa waɗanda suka fi bukatar taimako su ne suka fi rasa shi. An fi mayar da hankali kan kwasa-kwasan da ke ba da takardar shaida, malamai da yawa ba a horar da su yadda ake koya wa babba karatu daga tushe ba, aikin kuma an bar shi galibi a hannun ƙungiyoyin sa-kai.

A watan Oktoban 2024 hukumomin biyu suka sake fitar da wani rahoton, wannan karon kan gidajen tsare matasa, inda suka ce ingancin ilimi a cikinsu ya shafe shekara goma yana ja da baya. Babban dalili shi ne yaran na shafe mafi yawan yininsu a kulle a ɗaki, sau da yawa saboda ana raba masu gaba da juna, don haka ko ajin ba sa isa.

Darussa biyu ke nan a gare mu. Na farko, idan takardar shaida ce ma'aunin nasara, kowane shugaban gida zai zaɓi waɗanda suka riga suka iya, ya bar na baya a baya. Na biyu, malami komai ƙwarewarsa ba shi da amfani idan ba a buɗe ƙofa an kawo masa ɗalibi ba. Koyarwa a gidan tsaro aikin gandiroba ne kamar yadda take aikin malami.

Abin da aka gwada aka ga amfaninsa

Abin farin ciki shi ne hanyar koya wa wanda aka bari a baya karatu ba ɓoyayya ba ce, kuma an riga an gwada ta a ƙasar Hausa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, masana suka auna shi sau da yawa suka ga yana aiki. An kawo shi jihar Borno, an kuma gwada shi a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a jihar Kano. Ga littattafan koyon karatu da Hausa da aka wallafa ƙarƙashin shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. An tsara su ne domin 'yan firamare, don haka sai an yi musu kwaskwarima, amma ginshiƙansu sun dace da gidan tsaro ƙwarai.

Mataki na farko shi ne gwaji tun makon da yaro ya shigo. Gwajin na 'yan mintoci ne, malami da ɗalibi su biyu kawai. A nuna masa haruffa, sannan kalmomi, sannan gajeren sakin layi, sannan ɗan labari, a ga inda ya tsaya. A lissafi a fara da gane lambobi, a je ga ɗebewa da rabawa. Dole a yi shi a keɓe, domin saurayi ɗan shekara 17 ya gwammace ya yi faɗa ko ya ce ba ya so, da a gane a gaban abokansa cewa bai san harafin farko na sunansa ba. A wannan zama kuma ya kamata a duba idonsa da kunnensa, don wani ba daƙiƙanci ne ya kore shi daga makaranta ba, allon ne ba ya gani.

Mataki na biyu, a raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko ajin da suka ce sun kai ba. Mai gane haruffa ya zauna da masu gane haruffa, mai haɗa kalma da masu haɗa kalma, a sake gwaji duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga wanda ya wuce. Ɗagawar nan da sauri ita ce ke riƙe zuciyar matashin da ya saba jin cewa ba zai iya ba.

Mataki na uku, a fara da harshen da yake magana da shi. Ko wace matsaya gwamnati ta ɗauka kan harshen koyarwa a makarantun firamare, wanda ke da 'yan watanni kacal a hannunmu ba shi da lokacin koyon sabon harshe da sabon rubutu a tare. Rubutun Hausa kuwa na da sauƙin kamawa: wasula biyar ne, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, kalmomi kuma gaɓa-gaɓa suke tafiya. Wanda ya gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da ba, be, bi, bo, bu, ya riga ya samu mabuɗin. A koya masa sautin harafi da yadda ake haɗawa bi da bi, ba haddar allo da amshi ba. Idan ya iya karanta Hausa, shiga Turanci zai zo masa da sauƙi domin haruffan ɗaya ne. Wanda harshensa Kanuri ne ko Fulatanci ko wani, a nemi wanda ya fi ji a fara da shi.

A nan akwai wata dukiya da ake yawan tsallakewa. Da yawa cikin yaran da ake rubuta wa "bai yi karatu ba" sun yi shekaru a makarantar allo. Sun san cewa alama a kan allo na wakiltar sauti, sun san wasali na sauya baƙi, hannunsu ya saba da alƙalami. Wasu za su iya karanta "Naira dubu" da aka rubuta da ajami a jikin takardar kuɗi. Malamin da ya fara da tambayar abin da yaro ya riga ya sani, ya gina boko a kan wannan, ya rage wa kansa rabin aiki, ya kuma mayar wa yaron da mutuncinsa.

Mataki na huɗu, abin karantawa ya dace da shekarunsa. Saurayin da ya kwana a ofishin 'yan sanda ba zai zauna yana karanta labarin kyanwa da ɓera mai hoton 'yan yara ba. A ba shi jimloli masu sauƙi a kan abin da ya dame shi: sunansa da na unguwarsu, ranar komawa kotu, haƙƙinsa na samun lauya, sakamakon ƙwallo, takardar magani, saƙon banki a waya. Wasiƙar farko da zai rubuta wa mahaifiyarsa da hannunsa ta fi kowace jarrabawa ƙarfafa masa gwiwa. Daga nan sai a matsa zuwa gajerun labarai, kuma Hausa ba ta da talaucin littattafan hikaya.

Lissafin kasuwa da lissafin takarda

'Yan kasuwa da ke karanta wannan sharhi sun san wani abu da malaman makaranta kan manta. Yaron da ya yi tallan ruwan leda ko ya tsare teburin ubangidansa, zai ba ka canjin dubu ɗaya kafin ka gama zaro kuɗin, amma ka rubuta masa lissafin nan a takarda sai ya tsaya yana kallo. Masana sun tabbatar da wannan. Tun a shekarun 1980 aka gwada yara masu talla a birnin Resife na Brazil, aka ga suna cin kusan duk lissafin da aka yi musu a bakin ciniki, amma suna faɗuwa da yawa idan aka mayar da shi rubutu. A 2025 wasu masana, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo masu lambar Nobel, suka wallafa irin wannan sakamako a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya.

Ma'anar wannan ita ce yaron ba jahilin lissafi ba ne, gada ce babu tsakanin abin da ke kansa da abin da ke kan takarda. Aikin malami shi ne gina gadar. A fara da mudu da tiya da buhu, da uwar kuɗi da riba da bashi. A tambaye shi yadda ya yi ya samu amsar, sannan a nuna masa yadda ake rubuta hanyar da ya bi. A yi amfani da tsinke a ɗaure goma-goma domin ya ga bambancin gidan ɗaya da gidan goma da gidan ɗari da idonsa. Burin a kai shi inda zai iya riƙe littafin shago, ya rubuta wanda ya ci bashi da ranar biya, ya duba rasit ya gane ko an cuce shi. Wanda ya kai nan, ubangida zai iya bar masa shago.

Kullum kaɗan, kuma na gida ya koyar da na gida

Karatun tushe ba ya son tazara. Sa'a ɗaya kowace safiya, kwana biyar a mako, ta fi yini guda cur sau ɗaya a wata lokacin da baƙi suka kawo ziyara. Wannan na bukatar a sanya lokacin karatu cikin jadawalin gida kamar lokacin ƙirga da na abinci, yadda ba za a soke shi ba don kawai ma'aikata sun yi ƙaranci.

Game da ƙarancin malamai kuwa, akwai abin koyi a wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Shannon Trust, wadda ke horar da fursunonin da suka iya karatu su koyar da waɗanda ba su iya ba, mutum ɗaya da mutum ɗaya, na kimanin minti 20 a rana, da littattafan da aka tsara mataki-mataki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin a tsangaya ma gardi ne ke biya wa ƙolo. A kowane gida za a samu wanda ya gama sakandare. Ba shi amanar koyar da wani gyaran hali ne a gare shi shi ma. Sai dai a kiyaye abu biyu: ya kasance ƙarƙashin kulawar ƙwararren malami, kuma kada a haɗa yaro da babban fursuna da sunan karatu. 'Yan mata ma, da yake ba su da yawa a irin waɗannan gidaje, su ne aka fi saurin mantawa da su idan ana rabon malamai, don haka sai an sa su a lissafi tun daga farko.

Matsalar masu jiran shari'a

Babban abin da ya bambanta ajin gidan tsaro da na makaranta shi ne babu wanda ya san ranar tafiyar ɗalibi. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne. Wani zai yi mako uku, wani shekara uku. Saboda haka manhajar zango uku a shekara ba ta dace da su ba, kuma ajiye su a gefe da hujjar cewa ba a yanke musu hukunci ba zalunci ne a kan zalunci, tunda a idon doka ba su da laifi tukuna.

Mafita ita ce a yanka karatun gajere-gajere, kowane yanki na makonni kaɗan da abin da za a ce an samu a ƙarshensa. A Indiya an ga yara sun yi tsalle daga gane harafi zuwa karanta labari a sansanonin karatu na kwana 30 zuwa 50. Sannan kowane ɗalibi ya samu katin da ke nuna matakin da ya shigo da shi da wanda ya kai. Idan aka sauya masa gida, katin ya bi shi. Idan aka sake shi, katin ya zama takardar shigarsa ajin yaƙi da jahilci mafi kusa da gidansu, ba tare da tambarin gidan yari a kai ba. In ba haka ba, abin da aka gina cikin wata huɗu zai rushe cikin wata biyu a bakin tasha.

Me ya sa za a kashe wa mai laifi kuɗi?

Tambaya ce da mai karatu ke da haƙƙin yi. Ga miliyoyin yaran da ba su taɓa ɗaukar kayan kowa ba suna yawo babu makaranta, sai a ce a fara da wanda ya ƙwaci waya? Wanda aka taɓa tsare shi da wuƙa a lungu ba zai ji wannan magana da sauƙi ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Amsa ta farko ita ce kusan dukkansu za su fito, kuma unguwanninmu za su dawo. Zaɓin da ke gabanmu shi ne su dawo da abin neman halal ko su dawo da sababbin dabarun da suka koya a wajen manyan ɓarayi. Amsa ta biyu ta kuɗi ce. A 2013 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta tattara nazarce-nazarce masu yawa a kan manyan fursunonin ƙasar, ta gano cewa yiwuwar komawa gidan yari ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu a tsare, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe a kan ilimin na tsimin dala huɗu zuwa biyar na sake tsarewa. Amurka ba Najeriya ba ce, amma hankali ma ya ba da haka: ciyar da mutum da gadinsa shekara da shekaru ya fi alli da littafi tsada. Amsa ta uku, yaron da ke tsare shi ne yaron da ba ya makaranta ɗin nan da muke kuka a kansa, sai dai yanzu mun san inda yake kwana, kuma gwamnati ce ke riƙe da mabuɗin ɗakinsa.

Brazil ta bi wata hanya ta jawo hankalin fursunoni. Dokarta ta 2011 na rage kwana ɗaya daga hukunci a kan kowace sa'a 12 ta karatu, kuma akwai tsarin rage kwana huɗu a kan kowane littafin da fursuna ya karanta ya yi bayaninsa, har littafi 12 a shekara. Ana iya duba irinsa a nan ga waɗanda aka yanke wa hukunci, da sharaɗin ladan ya hau kan ci gaban da mutum ya samu daga inda ya fara, don kada masu ilimi su kwashe garaɓasar. Wanda ke jiran shari'a kuwa, karatu ba zai zama sharaɗin sakinsa ba, kuma aji mai kyau ba hujja ba ce ta barin yaro a tsare kwana ɗaya fiye da ƙima.

Wa zai ɗauki jinkar?

Tun watan Maris na 2023, gyaran tsarin mulki ya fitar da gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi dama su ma su shiga. Gidajen ajiye yara kuwa da ma nasu ne. Don haka gwamnoni ba su da sauran uzurin cewa aikin Abuja ne. Kowace jiha na da hukumar ilimin manya da hukumar ilimin bai-ɗaya. Kano ce ma ta fara kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma Arewa ta taɓa yin gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da kayan aikin da ba su kai na yau ba. Tura malamai biyu ko uku da aka horar kan karatun tushe zuwa kowane gidan da ake tsare matasa, da biyansu alawus a kan kari, bai fi ƙarfin kowace jiha ba.

Ma'aikatan gwamnati da 'yan majalisa masu duba kasafi na da tambaya ɗaya da ya kamata su riƙa yi wa kowane shugaban gida: matasa nawa suka shigo bana ba su iya karanta jimla ba, nawa daga cikinsu suka fita sun iya? Ranar da wannan adadi ya fara fitowa a rahoton shekara kusa da adadin masu digiri, ranar za a fara aikin da gaske.

'Yan kasuwa ma na da rawar takawa, kuma sun taɓa nuna za su iya. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni an biya musu tara. A kowane azumi ma ana ganin attajirai da ƙungiyoyi na kai abinci gidajen yari suna fanso masu ƙananan basuka. Alheri ne babba. Amma ƙungiyar kasuwa ɗaya za ta iya ɗaukar albashin malami guda na shekara, ta sayi allo da littattafai, sannan ta yi abin da ya fi duka wuya: ta karɓi yaron da ya fito da katinsa a hannu, ta ba shi gurbi a shago ƙarƙashin idon wani dattijo.

Hausawa na cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba. Yaron da ke ƙasan rijiyar igiya yake jira, kuma a wannan zamani igiyar na farawa ne daga iya karanta sunansa da ƙirga abin da ke hannunsa. Gobe ma wani alƙali zai ɗage wata shari'a zuwa ranar kaza, mu kuma za mu gyara labarin mu buga. Kwanakin da ke tsakanin yau da ranar kazan nan, hukuma ce ke riƙe da su, kuma da kuɗin harajinmu ake ciyar da su. Ya rage namu mu tambayi abin da aka yi da su.